Girgiɗi

A kwarin Arpa, inda ciyawa ba ta wuce idon sawu,
kawuna Toktosun ke gadin awakin dutse.
Shekara goma sha tara da bindiga ɗaya a kafaɗa,
mai ƙotar ƙarfe da ake ninkewa
kamar ƙafar raƙumi in ya durƙusa.

Tun ban yi wayo ba ƙotar take girgiɗi.
Doki ya taka, ta ce ƙas.
Ya ƙara takawa, ta ce ƙas-ƙas.
Har karnuka sun daina ɗaga kunne.

Sai ranar da ya bi sawun masu farautar sata
tun asuba, cikin ƙanƙara har gwiwa,
ya rage tudu ɗaya tsakaninsa da su,
ƙarfen ya yi magana.
Abin da ya tarar, toka mai ɗumi,
da kan bunsuru an sare ƙahonnin,
idon a buɗe yana kallon sama.

Daren nan bai taɓa tuwo ba, bai taɓa nama ba.
Ya ce in riƙe fitila.
Ya zare harsasai, ya ƙirga su cikin kwanon shayi,
ya leƙa cikin bindigar, ya sake leƙawa,
sannan ya kwantar da ita kan bargon gashi
kamar mai jinya.

Ya ce, “Matso, Nurdin, ka ga.
Ƙusar nan ba ita kaɗai ta rame ba.
Ramin ma ya yi faɗi.
Kullum suna goga juna,
kowa na cin ɗan’uwansa kaɗan-kaɗan,
ba wanda ya ji zafi.”

Ya yanko bakin murfin gwangwani
da almakashin sausayar tumaki.
Na fari ya yi kauri, ƙota ta ƙi ninkuwa,
ta tsaya ƙiƙam kamar jaki a bakin rafi.
Na biyu ya yi siriri, ya zame ya ɓace a bargo,
muka yi ta lalube, gwaggo na mana dariya.
Na uku ya ci magagari har ya yanke masa yatsa.
Ya tsotse jinin, ya tofar,
ya ɗiga mai, ya danna da gindin cokali.

Ya buɗe. Ta kama.
Ya ninke. Ta kama.
Ya girgiza ta kusa da kunnensa mai ji,
ba abin da muka ji
sai iska tana jan igiyar tanti.

Ya yi murmushi na farko tun safe.
Ya murza kafaɗarsa ta dama, ita ma ta ce ƙas.
Ya ce, “Wannan kam ba gwangwanin da zai shige ta.”

Kwana uku bayan haka ya dawo da almuru.
Gwaggo Burulkan na durƙushe tana tatsa,
ba wuta a murhu, ba ruwa a buta.
Ta juyo ta gan shi tsaye a kanta,
ta zabura, ƙwarya ta kife,
nonon goɗiya ya bi ƙasa.

Ashe shekara goma sha tara
da ƙarar nan take ɗora shayi.
Tun daga kan tudu take jin ta,
ta san yau ma dutse ya maido mata shi.
Ba ta taɓa faɗa ba.
Shi ma bai taɓa tambayar
yadda shayi ke tafasa daidai da saukarsa ba.

Bai cire gwangwanin ba, aiki aiki ne.
Yanzu in ya hawo tudun ƙarshe sai ya yi fito,
fito mara daɗi, na mai giɓi.
Gwaggo ta ce tana ji,
amma sau da yawa sai ta ɗauka tsuntsu ne,
shayin kuma yakan makara.