Shaidar Ganye

Da man farcen ƙanwata nake aiki,
wanda ba shi da launi, na teburin Lawali a Kasuwar Dole.
In shafa a bayan ganye, in jira ya bushe,
in ɗago shi da salatif, siriri kamar yanar madara,
in kwantar a kan gilashi.
Ganye ya dangwala yatsa, bai ma sani ba.

Daga nan sai ido ɗaya,
da madubin nan mai ƙara girma
wanda aka ce ya girme ni da shekara goma.

Ranar farko na ɗauka garinmu nake gani:
katanga ta kama katanga, lungu ya shige lungu,
kamar Birni in ka hau duwatsu da hantsi.
Sai dai nan ko'ina bakuna ne.
Leɓɓa bibbiyu, ɗari bisa ɗari,
a filin da bai kai ƙwayar gero ba.
Ta nan itace ke shan iska,
ta nan kuma ruwansa ke sulalewa.
Ka buɗe, ka ƙoshi, ƙishi ya kama ka;
ka rufe, ruwa ya zauna, yunwa ta shigo.
Wane ɗan Damagaram ne bai san wannan lissafi ba,
mu da muka yi wayo a layin famfo,
jarka a gaba, jarka a baya?

Kowace da dabararta.
Tumfafiya ta shafe jiki da kakin da ta haɗa da kanta,
ka murza, fari ya bi yatsa.
Anza mai kaurin fata ce, magana kaɗan,
shi ya sa take kore ranar da kowa ya bushe.
Magarya ta lulluɓe bakunanta da gashi,
curarre, kamar audugar da ba a kaɗa ba,
kurna kuwa, 'yar gida ɗaya da ita,
haka take fitowa kai ba ɗankwali.
Ƙaya ta so ta ruɗe ni, 'ya'ya ma haka,
bayan ganye ne ya raba gardama.

Ran Talata sai ga Iya Cima har ɗakin gwaji
da ƙulli a bakin zane.
Kashin akuya, guda bakwai.
Malam Kiyari ya rantse akuyarta ta cinye masa zogale,
jikka biyu yake nema, unguwa ta rabu gida biyu.
"An ce kina karanta ganye," in ji ta.
"To, karanta."

Na so in yi dariya, sai na tuna
fatar ganye ba ta cika narkewa a ciki ba,
takan fito ta ɗaya ƙofar da sunanta a goshi.
Na jiƙa, na tace, na wanke, na ɗiga.
Ga gashin magarya, an tauna, an tuƙa, bai miƙe ba.
Ga ciyawa, ɗakunanta a sahu kamar tubalin magini.
Ga baƙin ɗigon sabara.
Ga zaren takardar siminti,
wanda babu shi a littafin malaminmu.
Zogale dai ban gani ba.

Na ce, "Iya, ban gani ba,
amma rashin gani ba rashin ci ba ne,
ganye mai taushi kan ɓace a hanya."
Ta ce, "Rabin farko ya ishe ni,"
ta gyara ɗaurin zane, ta fice.

Da yamma na bi ta bayan gidan Malam.
Ga ta nan, 'yar ja mai yankakken kunne,
ƙafa biyu a ƙasa, biyu a kan darni,
kore na lilo a bakinta.
Ta dube ni, na dube ta.

Rana ta faɗa bayan duwatsu.
A kan kowane reshe, daga nan har Mirriya,
dubban ƙananan bakuna suna rufewa.
Ni ma na rufe nawa.