Tarin Da Ya Hawo Tudu

A nan saman duwatsun Lesotho
mun san abin tsoro da sunansa:
tsawar da ta kwantar da tumaki tara a dare guda,
dusar ƙanƙarar da ke cinye hanya har mako uku,
ɓarayin shanu masu jiran wata ya faɗi,
da kogin Senqu idan ya ƙoshi.
Tari kuwa, kowa da nasa.
Hayaƙin kashin shanu ya raine mu tun muna goye.

Da Ramaisa ya dawo daga ramin zinariya
da sabon bargo, da rediyo,
da ƙirji mai kukan tsohuwar ƙofa,
muka ce ƙurar dutse ce,
ladan shekara goma sha tara a ƙarƙashin ƙasa.
Ƙura ai ba ta tsallakawa daga baki zuwa baki.
Na dafa masa saiwa, na shafa masa kitsen tunkiya,
muka kwana mu shida a ɗaki ɗaya,
ƙofa a danne da buhun masara.

Ran Laraba malamar asibiti ta hawo a kan doki,
Seipati, 'yar ƙauyen gangare,
hanci da baki a ɗaure kamar mai yashe masai.
Ta miƙa masa 'yar kwalba, wai ya tofa.
Tsoho Mokhethi ya yi dariya har ya ƙware:
"Yanzu har majina gwamnati ke karɓa?"
Ta ce ciwon a iska yake yawo, a buɗe taga.
A watan Yuli!
Na ce, 'yata, sanyin nan da idona na gan shi
ya sandarar da makiyayi, sandarsa a hannu.
Naki dodon, wa ya taɓa ganin sawunsa?

Ba ta ja da ni ba.
Ta ciro kofinta daga jaka, ta bar namu a ajiye.
Zancen kofin nan ya yi mako biyu a bakin rijiya,
na tagar ko kwana bai yi ba.

Sai Puseletso, jikata.
Shekara bakwai, ba ta san hanyar rami ba.
Rigarta ta soma yi mata yawa,
tana jiƙa shimfiɗa da gumi a daren da tulu ke daskarewa.
Na kasa kunne cikin duhu,
na ji ƙofar nan tana kuka a ƙaramin ƙirji.

Wasu suka ce sammu, wasu suka ce jinin gida.
'Mathabiso ta daina aiko yara ɗiban wuta,
sai gaisuwa daga bayan shingen dutse,
da murya mai zaƙi fiye da ta da.

Awa biyar a kan dokin aro, tana goye.
Wata shida na ƙwayoyi, ita da kakanta.
Kowace safiya na jefa wake ɗaya a gwangwani,
don ban yarda da ƙwaƙwalwata ba.

Yau tagar a buɗe take, faɗin tafin hannu.
Ban daina tsoron sanyi ba.
Ramaisa na jan bargo, yana mita har barci ya ɗauke shi.

Lahadin da ta wuce, a coci,
Mokhethi ya saki tari a bayana, dogo, jiƙaƙƙe.
Na waiga. Ya ce, "Hayaƙi ne."
Na ce, "Haka ne, baba,"
na ja hannun yarinyar zuwa bencin bakin ƙofa.