Ɗinkin Bakin Buhu

Shekara goma sha ɗaya ina injin casa a hanyar Argungu.
Na san kukan kowane bel,
na san tarin da janareta ke yi kafin ya mutu.
Yaron da suka kawo daga ƙetaren teku,
ni na nuna masa inda ake shafa giris,
ni na fizge hannunsa ran da injin ya so cinye masa yatsu.
Wata uku, aka ce shi ne ogana.
Albashina na shekara bai kamo ƙafar nasa na wata ba.

Wurin shan ruwa biyu ne a masana'antar.
Ɗaya a inuwa, da sanyi, da kofin gilashi,
ɗaya randar roba a rana, moɗa ɗaure da igiya kamar akuya.
Ba a rubuta komai a jikinsu ba.
Fata ce ke karantawa.

Wata Talata bel ya tsinke, ya kira ni biri
a gaban Gado da Hantsi da 'yan dako ashirin.
Ba wanda ya yi dariya. Wannan na gode musu.

Mai rubutun wasiƙa na bakin kotu ya tsara mana ƙara,
shafi uku, mu bakwai muka dangwala yatsa.
Na hau mota zuwa Birnin Kebbi,
ofishin da aka ce don kukan irinmu aka gina shi.
Malam Sahabi ya karɓa da hannu biyu.
Baƙi ne kamar ni, tsagar fuskarsa irin ta kakana.
Ya ce, "Labbo, a ƙasarmu? Ba za ta saɓu ba."
Ya buga hatimi har tebur ya girgiza.
Daren nan na ci tuwo malmala uku.

Ka dawo Litinin.
Litinin, oga ya tafi taro.
Ka dawo bayan salla.
Bayan salla, matar mai makullin kabad ta haihu.
Damina ta sauka, rufi ya yi yoyo,
ruwa ya tsallake fayil ɗari, bai jiƙa kowanne ba sai namu.
Masinja ya raɗa mini, ko garar ofishin nan
ta san takardar da take ci.
Kuɗin motar da na kashe sun isa sayen tunkiya.

A zuwa na tara ina gindin dogon yaro, ina jiran azahar,
direba ya buɗe bayan motar Malam Sahabi.
Buhu shida, an kifa tambarinsu ƙasa.
Sai dai keken da ke ɗinke bakin buhu a wurinmu
yana tsallake zare duk bayan taƙi guda.
Shekara biyu ina roƙon sabuwar allura, an hana.
Na bi giɓin da ido, buhu bayan buhu,
kamar mai ganin rubutun hannunsa
a jikin takardar korarsa.

Ban ce na ga kuɗi ba. Ban ga ambulan ba.
Wataƙila saya ya yi, kasuwa ta kowa ce.
Abin da ban gane ba,
yadda sunaye bakwai da ruwa ya wanke a ofis
suka bushe tas a teburin manaja.
An sallami Gado. An sallami Hantsi, matarsa da tsohon ciki.

Ya fito yana gyara hula.
"An bincika, babu shaida.
Sun ce a yarensu wasa ne.
Ka yi haƙuri, baƙonmu ne, ya kawo jari."

Wanda ya kira ni biri zai hau jirgi wata rana,
ko sunana bai iya faɗa daidai ba.
Wanda ya auna kukana da buhu shida,
sahu ɗaya muka yi azahar,
kafaɗarsa tana gogar tawa.
Da ya yi sallama ta dama, fuskata ya tarar.
Ya miƙo hannu. Na karɓa, masallaci ne.

Kwafin ƙarar yana nan cikin leda, ƙarƙashin katifa.
Jibi akwai motar Abuja.
Na tambayi Hantsi ko can ma suna cin shinkafa,
bai amsa ba, ya miƙo yatsa a sake shafa masa tawada.