Takalmin Nowel

A Kasuwar Dole, tsakanin mai batir da mai barkono,
akwai dattijon da ke shanya littattafai a kan buhu.
Can nake saye, dala arba'in-arba'in,
waɗanda wasu suka karanta suka gaji.
Bangonsu duk ɗaya:
mace da jar riga, ƙanƙara har gwiwa,
miji ya rasu tun shafi na biyu,
kafin na goma wani mai faskare ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Nakan yi dariya ni kaɗai.
Nan Damagaram ƙanƙara ta saye ce, a leda,
ƙofata kuwa langa-langa,
in kyanwa ta goge ta duk layi ya ji.

Shekara huɗu ke nan da motar Barnaba ta kife
bayan Tanut, da buhunan gero.
Agogonsa aka kawo mini, yana tafiya.
Har yau tafiya yake, ko kunya.
Damaris a lokacin goyo ta sauka,
yanzu ga ta lakwal,
tana gyara mini Faransanci in na ɗaga murya.

Nowel ta farko bayan makoki
na buɗe ƙofa da asuba,
sai ga jarka biyu cike da ruwa,
a watan da famfonmu ya yi mako uku yana tari,
da takalmin fata ja, ɗan mitsitsi,
daidai ƙafar yarinya kamar tare aka halicce su.
Matan zumunta suka ce ba su ba ne.
Fasto ya ce ai hankaki ma sun ciyar da Iliya.
Hankaka ya san girman ƙafa, Fasto?

Bara waccan haka. Bara ma haka.
Ƙafa na girma, takalmi na bin ta a baya.

Ga abin da ban faɗa wa ko matashin kaina ba:
na sani.
Filibus baduku ne, na bencin ƙarshe,
wanda matarsa ta shiga ɗakin haihuwa
Timoti kaɗai ya fito.
Duk Nuwamba, in an tashi sujada,
yakan bi sawun da Damaris ta bari a rairayi,
ya duƙa kamar wanda dalarsa ta faɗi,
ya auna da tsinken tsintsiya, ya karya, ya sa aljihu.
Ta tagar ɗakin kujeru na gan shi.
Mutum mai gemu, yana waige kamar ɓarawon kaza.

Shi ma akwai abin da bai sani ba.
Rigar da malama ke ba Timoti farkon shekara,
ta ce kyautar wasu bayin Allah ce,
kekena ya san adadin maɓallanta.

Haka muke, ni da shi,
kamar duwatsun garin nan biyu da suka jingina,
kowa na cewa ɗan'uwansa ne ya karkata.

Yau jajibere.
Na fige kaji uku, na tsince shinkafa,
na ware kwanon Inna Gambo da na gidan liman,
su ma da layya ba su tsallake ni.
Littafin na kife shi a shafi na casa'in,
inda matar ke ta kai da kawo a gaban murhu.
Ta ji da kanta.

Na kashe fitila.
Damaris na munshari da ƙafa ɗaya a waje.
Agogon Barnaba ya ce huɗu saura.
Na gaya masa komai ɗazu,
bai tsaya ba, bai kuma yi sauri ba.

Can ƙasan layi ƙafar kura na kuka,
jarkoki na gware da juna.

Lahadin da ya yi awo bana
na cire silifas ɗina,
na taka rairayin ni ma, dab da nata,
na danna sosai har dunduniya ta fito.

Ba zan buɗe ba tukuna.
Bari ya ajiye, ya yi nisa.
So nake in ɗaga ledar nan
in ji nauyinta.