Agogon Ƙirji

Shekara ashirin da biyu ina gyaran agogo
a 'yar rumfata ta bakin 'Yar Kutungu.
Mai latti in tashe shi, mai gaggawa in lallashe shi,
wanda ya sha ruwa in shanya kayan cikinsa a faranti.
Guda ɗaya ya gagare ni,
na cikin ƙirjina, mai gudu ba tsayawa.

Da magariba in ja ƙyaure, in danna kwaɗo,
in ji ya ce ƙyas.
Sai na kai Ƙofar Ƙwaya muryar ke tasowa:
Ka tabbata?
Na tabbata.
To, in ba haka ba ne fa?
In juya kan babur in koma,
in ja, in sake ja, Iro mai faci yana kallo.
Jiya sau huɗu. Shekaranjiya ban ƙirga ba.
Ya ce, Mamuda, kwaɗon nan zai kai ka ƙara.
Na yi dariya da baki, hanjina yana kaɗawa.

Dare kuwa kasuwa ce mara watsewa.
Sahura ta yi tari biyu, na riga na ga makara.
Wayar ƙanena a kashe, yana hanyar Jibiya,
na fara lissafin abin da zan sayar.
Ashe caji ne ya ƙare.
Alwala uku don isha'i guda,
raka'a ta biyu ce wannan, ko ta uku?
Barira tana barcinta,
ni ina gadin gida daga ɓarawon da ba ya zuwa.

Ranar wata Laraba, a layin banki,
ƙasa ta zame mani.
Yatsuna suka mutu, gumi ya jiƙa wuyan riga,
iska tana shiga kamar ta kafar allura.
Na yi shahada.
Na miƙa wa wani baƙo makullin shagona,
makullin da ban yarda da kaina a kansa ba,
na ce ya kai gida, ya ce masu na riga su tafiya.

Likita ta liƙa mani wayoyi a ƙirji,
takarda ta fito da zane kamar haƙoran zarto.
Ta ce, injin lafiya lau, malam,
ƙararrawar ce ke bugawa ba lokacinta ba.
Ciwo ne mai suna, yana da magani,
ba raunin imani ba ne,
kuma kai ne na uku yau.
Kunya ta fara zuwa,
sanyi ya biyo ta a baya, kamar shigar inuwa.

Yanzu in ta taso ba na kokawa da ita.
In ja numfashi, in ƙirga huɗu,
in sake shi a hankali har shida.
In kira sunan abin da ke gabana:
ga lemo a tire, ga akuya tana cin kwali,
ga yaro da taya, ga kan Gobarau can.
Na yanka wa damuwa lokaci a littafin bashi,
bayan la'asar, minti goma sha biyar.
Wasu suna zuwa a kan kari,
wasu kafin la'asar sun manta hanya.

Kwaɗo sau ɗaya. In ce da ƙarfi, na rufe.
Iro ya ɗago daga tayarsa ya ce, na shaida.

Ba zan ce na warke ba.
Daren Juma'a na tsaya a Ƙofar Ƙwaya,
inji yana kuka, muryar tana roƙo,
tafin hannuna jiƙe a kan birki.
Na daɗe a wurin.
Sannan na wuce gida, na ci tuwo, ban ji daɗinsa ba.
Da safe na tarar da kwaɗon a rufe,
raɓa a bayansa, bai san an yi ba.

Akwai wani tsohon agogon bango a shagon,
mai shi bai dawo ba tun bara waccan.
Kullum yana gaba da minti bakwai.
Na daina buɗe shi.
In na duba, sai in cire bakwai ɗin,
in ci gaba da aikin da nake yi.