Cefanen Kwana Bakwai

Yaron ofishin ƙidaya ya hawo tudunmu ran Talata,
Lisandro, ɗan Nha Fininha mai gashin burodi,
wanda na sha share wa majina da haɓar zanena.
Yau ga shi da takarda shafi tara:
"Nha Ermelinda, hukuma na son ta sani,
me gidan nan ya saya a kwana bakwai?"

Na ce, zauna, kujera dai ba a biya.

Rubuta shinkafa kilo biyar.
Jirgi ke kawo ta daga Praia,
Praia ma kawo mata ake yi.
Rubuta tukunyar gas, rubuta sukari,
rubuta ruwa jarka shida.
Kar ka yi dariya, yaro.
Teku ta kewaye Brava gaba da baya,
amma mai ƙishi sai ya laluba aljihu.

Rubuta kifin gwangwani uku.
Nan alƙalaminsa ya ɗan yi tuntuɓe,
don ya san Zeferino, mijina,
shekara arba'in a kwalekwale.
A zamaninsa kifi ba cefane ba ne,
abin miƙa wa maƙwabci ne ta kan katanga.
Yanzu kifinmu kan tafi yawon duniya,
ya dawo cikin rigar ƙarfe
da rubutun da ban iya karantawa ba,
bai san kowa ba sai mai eskudo.

Masara fa? in ji shi.
Je ka leƙa turmina a bayan ɗaki,
kaza ce ke kwanci a ciki.
Jikokina taliya suke so, mai nuna a minti uku.
Wa zai jira tukunyar masara da wake
ta wuni tana magana a kan murhu?

Rubuta katin waya.
Ya fi man girki cin kuɗi a gidan nan, na sani,
kuma ba zan rage ko sisi ba.
Ta nan Adalgisa ke fitowa daren Lahadi
daga can Amurka, cikin rigar aikin asibiti,
fuskarta duka ba ta kai tafin hannuna ba,
tana tambayar 'ya'yanta ko sun ci.
A wane layi ake sa wannan?
Abinci ne ko magani?

Ya ce, "Sadarwa, layi na sha huɗu."

To, da duron da take aikowa kafin Kirsimeti?
Sabulu, man gyaɗa, takalman da suka yi wa yaran yawa,
sai an cusa takarda a gaba.
Wata biyu ba ma taka kanti,
sai ku rubuta a can cewa mun ƙoshi.
Haka in teku ta yi fushi,
jirgi ya kwana tara bai leƙo Furna ba,
kantin Djosa ya koma ashana da gishiri,
cefanenmu ya faɗi warwas,
ofishinku ya ce mutanen tsibiri sun koyi tattali.

In gaskiya kake nema,
je ka roƙi Djosa littafinsa na bashi,
mai baƙin bango, wanda mai ya jiƙa.
Duk unguwar nan tana ciki, gida gida,
har da waɗanda suka mutu bai soke ba.

Ya haɗa, ya sake haɗawa, ya sosa ƙeya.
"Nha, lissafin bai zauna ba.
Abin da ya fita ya fi abin da ya shigo."

Na ce, tun ba a haife ka ba yake tsaye,
bai taɓa zama ba, bai kuma faɗi ba.

Hazo ya fara saukowa daga Nova Sintra.
Na zuba masa kofi, ya sha, na ƙara,
sukari cokali uku kowane zubi,
ina kallo, ina ƙirgawa.
Da ya miƙe zai rufe takarda
na ce, dakata, Lisandro,
ƙara cokali shida a layin Talata.