Akwatin da Ke Ƙarƙashin Ƙafata

Ranar da Baltasar ya hau motar arewa
zuwa ramukan tagulla,
da sintesaizarsa ya tafi, naɗe cikin bargo.
Ya bar mana waƙoƙi tara,
kowacce da giɓi a tsakiya
kamar bakin da aka cire wa haƙorin gaba.

Mu uku muka rage a ɗakin gwaji,
can ƙarshen matakalar tudun Barón,
inda Valparaíso ke rataye bisa teku kamar shanya.
Mai ganga ya dube ni. Mai waƙa ta dubi ƙasa.
Ni da tsirkiya huɗu masu kauri
aka ce in toshe gurbin yatsa goma.

Don Evaristo mai gyaran rediyo
ya zaro ta daga ƙasan kanta:
feda shuɗiya, fenti ya koɗe,
ba ta fi tafin hannuna ba.
Maɓallai biyar, ɗaya ya ɓace,
an maye gurbinsa da murfin man goge baki.
Ya ce, "Ba ta son hayaniya.
Ki riƙa yi mata magana ɗaya-ɗaya."
Na ɗauka zancen tsufa ne.

Daren farko na taka ta,
na kaɗa tsirkiya biyu tare,
sai ta shiga in'ina,
ta hau, ta faɗo, ta shaƙe
kamar tsuntsun teku ya haɗiyi ƙugiya.
Na gangara wajen sautuka masu zurfi, ta ɓata hanya,
tana lalube, tana tambayata me nake nufi.
Doña Clorinda ta daki silin da sandar tsintsiya.

Sati uku ina koyon ladabi.
Ashe shekara sha ɗaya ina kiɗa da ƙazanta:
tsirkiyar da ban taɓa ba tana gunaguni,
yatsa na jan ƙafa kafin ya tashi.
Amfilifaya ta saba rufa min asiri;
wannan kuwa ba ta san kara ba.
Na koyi danne uku da gefen hannu,
in saki ɗaya, tsaf,
in matso tsakiyar wuyan jita, inda kunnenta ya fi ji.

Sannan maɓallai.
Wannan in na murɗa, bakin sauti ya wangame,
in na sassauta yatsa ya rufe,
kamar mai hamma a coci.
Wancan yana haifa wa kowane amo inuwa a ƙarƙashinsa
har gilashin taga ya kama ɓari.
Na murfin man goge baki kuwa
haƙoran zarto yake dasa wa murya.
Na ɗiga jan-farce inda kowanne ya tsaya
don kada gobe ta musa min.

Amma sautin Baltasar bai zo ba.
Nasa siriri ne, mai sheƙi.
Na bi shi har ƙarfe uku na dare,
ban kama ko jelarsa ba.

Sai wani jirgin dakon kaya ya yi kuka daga tasha,
dogo, mai kauri, ya ratso bango.
Ban san sadda na lalubo shi a tsirkiya ta biyu ba.
Na taka. Na buɗe bakin sannu a hankali.
Ɗakin ya cika da jirgi.
Na amsa masa, ya yi shiru, na sake amsawa.
Doña Clorinda ba ta daki komai ba;
da safe ta ce min jiragen nan sun yi yawa bana.

Na aika wa Baltasar abin da muka ɗauka ran Asabar.
Kwana biyu bai ce uffan ba.
Sannan saƙon murya daga hamada,
iska na kaɗawa a bayansa:
"Wa kuka samu a madadina?
Hannunsa na da nauyi.
Ku ce masa ya bar waƙa ta shida yadda ya yi ta."

Ban ba shi amsa ba tukuna.
Batirin ya fara sanyi,
shagon Don Evaristo kuma sai Litinin.